Tawadar Malam Mati

Alƙaluma talatin da ɗaya gare ni, kuma babu wanda nake ba wa aro. Mai jin haushi ya ji. Tun da na ajiye aikin gwamnati na dawo gida Daura, ba ni da abin jin daɗi da ya wuce in buɗe akwatin gilashina da hantsi, in zaro ɗaya, in ɗura masa tawada, in ja layi a farar takarda in ga tafiyarsa. Don Allah kada a ce biro nake nufi. Ina nufin alƙalami mai shan tawada daga kwalba, mai bakin zinariya, wanda ba a danna shi, ɗora shi kawai ake yi ya zarce. Akwai na Jamus, akwai na Japan, akwai wani ɗan Italiya mai launin zuma. Tawada kuwa kwalba goma sha huɗu, har da wata shuɗiya wadda in ta bushe sai gefen harafin ya yi ja-ja. 'Yan unguwa suna cewa wai na zautu. Su ne fa masu dangwala yatsa a takarda in an ce su sa hannu.

Wanda na fi ji da shi a cikinsu shi ne na mahaifinmu, Malam Mati, wanda ya yi shekara arba'in yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Da ya rasu, ƙanena Ja'afaru ya kwashi littattafai da alluna, tunda shi ya gaji malanta, ni kuma na ɗauki alƙalamin. Halin da na same shi ciki sai da ya ba ni takaici. Murfin duk sawun haƙori ne, don Baba in yana neman kalma taunarsa yake yi. Cikinsa kuma ya toshe da wani baƙin abu daskararre kamar kwalta. Ina shinshinawa na gane tawadar allo ce, ta gawayi da ƙaro. Ƙaro a cikin alƙalami irin wannan! Kwana tara na yi ina jiƙa shi a ruwan ɗumi, ina zubar da baƙin ruwan a kwata, har sai da ruwan ya riƙa fitowa garau. Sannan na kai shi Kano wani mai gyara ya goge murfin ya koma sumul. Ban gaya wa kowa a gida ba, don babu mai gane darajar wannan aiki.

Ran wata Talata sai ga Ja'afaru a kan babur daga Sandamu, inda yake zaune da mahaifiyarmu, Inna Ma'u. Ni da shi dama ba ma shan inuwa ɗaya. Yana ganina ɗan boko mai girman kai, ni kuma ina ganinsa mutumin da ya ɗauka shi kaɗai Allah ya sani. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, Inna ce ta aiko ni. Jikin ya ƙi. Ta ce a kai mata alƙalamin Baba, za ta sha."

"Ta sha me? Alƙalamin?"

"Ka san abin da ake nufi. Rubutu zan yi mata da shi, a wanke ta sha."

Ba zan ɓoye ba, alƙalamin na fara tunawa kafin Inna.

Na ce, "Da wace tawada?"

"Da wadda ake rubutu da ita mana."

"Ta ƙaro? A kan allo? Bakin zinariya za ka goga a katako kamar mai kankare tukunya?"

Ya dubi kwalabena da aka jera a kanta, ya taɓe baki. "To ba ni ɗaya daga cikin waɗannan."

"Kashe ta za ka yi? Waɗannan ba na sha ba ne."

"Ashe," in ji shi. "Kwalba goma sha huɗu, babu ko ɗaya da za ta shiga cikin ɗan Adam."

Na ce asibiti ya kamata ya kai ta. Ya ce sau uku yana kai ta, lokacin da nake nan ina yi wa gumakana wanka. Gumaka! A cikin gidana, daga bakin wanda na goya. Na nuna masa ƙofa. Ya tayar da babur, sannan ya waiwayo.

"Zan gaya mata ɗanta na fari ya ce alƙalami ya fi ta."

Kwana uku maganar nan tana cina. Sau nawa na ciro alƙalamin, na juya shi a haske, na mayar. Ina jin haushin Ja'afaru, ina jin kunyar kaina, kuma duk da haka ban fasa tsoron ƙaro ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na naɗe shi a ƙyalle, na cika fulas da ruwan ɗumi don in wanke shi nan take, na kama hanyar Sandamu.

Na tarar da Inna kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta rame ƙwarai. Idanunta sun daɗe da yin yana, inuwa-inuwa kawai take gani. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Kai ne? Ka iso?"

Ja'afaru ya fito da allo da kurtun tawadarsa. Tun kafin ya zauna na shimfiɗa masa sharuɗɗa: ba za a ɗura ba, tsoma baki kawai za a yi, kuma ba zai danna ba, kuma yana gama aya ɗaya zan karɓa in wanke.

"Ka zo da liman ya shaida?" in ji shi.

"Na zo da hankali, abin da babu a gidan nan."

"Yaya, ka iya bakinka. Nan ba ofishinka ba ne."

"Ku yi mini shiru," in ji Inna. Muryar ba ƙarfi, amma duk muka yi tsit. "Wa ya ce muku rubutu za a yi? Miƙo shi nan."

Na warware ƙyallen na sa mata a hannu. Ta shafa shi daga ƙasa zuwa sama, ta tsaya a murfin. Ta juya shi, ta sake shafawa da babban yatsa.

"Ina haƙoran Malam?"

Ja'afaru ya yi zumbur. "Na faɗa! Wani alƙalamin daban ya kawo miki, Inna. Ya ɓoye na Baba."

"Wallahi tallahi shi ne," na ce. "Gyara kawai aka yi wa murfin."

"Tunda ka rantse, shi ne," in ji Inna. "Murfi ba komai. Cikin nake so."

Sai ta ba mu labarin da ko Ja'afaru bai sani ba. A ciwon ajalin Baba ita ma ta kwanta zazzaɓi. Ya so ya yi mata rubutu, amma hannunsa yana karkarwa, ya kasa riƙe alƙalamin kara. Sai ya ɗauko wannan da hannunsa ya saba da shi, ya zuƙo tawada daga kurtu, ya rubuta mata Fatiha ƙafa bakwai. Ta sha ta tashi, shi bai tashi ba. Wannan ne rubutunsa na ƙarshe.

"Sauran tawadar tana nan a ciki," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina sane da ita. Na bar shi a wurinka ne don na san kai ba ka wasa da ajiya. Ku jiƙa shi a ƙwarya ta narke, in sha abin da ya rage daga hannunsa."

Ja'afaru ya kawo ruwa a 'yar sabuwar ƙwarya. Ni da hannuna na kwance alƙalamin, na saka shi a ciki, har ina addu'a a zuci ko ɗigo ɗaya ya tsere mini a wani lungu. Muka zuba wa ƙwaryar ido. Ja'afaru ya motsa da yatsa, ya jira, ya sake motsawa. Ana hango ƙasan ƙwaryar tar, bakin zinariyar yana ƙyalli. Aikina ba ya da gyara.

"Ya yi baƙi?" in ji Inna.

Ja'afaru ya ɗago ya dube ni. Na ga ya gane komai, kuma na ga ba shi da niyyar rufa mini asiri.

"Tambayi Yaya," ya ce. "Shi ya san alƙalami."

Ta juyo da fuskarta wajena, ta miƙo hannu biyu tana jiran ƙwaryar.

"Fari ne, Inna," na ce. "Na wanke shi. Tun shekarar da ya rasu na wanke, na zubar."

"Ka zubar a ina?"

"A kwata."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ni kuwa faɗan na fi so. Ta laluba cikin ruwan, ta tsamo alƙalamin, ta goge shi tas da gefen zanenta, kamar yadda ake yi wa kayan baƙo. Sannan ta miƙo mini.

"Ungo abinka," ta ce. "Kada ruwa ya ɓata maka shi."