Lomar Hansai

Margret ta gutsiri tuwon dawa, ta dangwala a miyar kuka, ta kai baki. Kofur Tizhe, gandiroban da ke tsaron ƙofa, ya tsura wa maƙogwaronta ido har ta haɗiye.

Doka ce a gidan yarin: duk mai kawo abinci sai ya ɗanɗana a gaban gandiroba, don gudun guba. Da azumi ya kama, matan Musulmi suka riƙa komawa gida da kwanukansu cike, domin ana rufe ƙofa kafin a sha ruwa. Margret ce ta tara matan zumuntar cocinsu, suka yi ta sintiri a ofishin Di'o, babban jami'in gunduma, har aka yarda Kirista ta ɗanɗana a madadin mai azumi. Tun daga lokacin take zama a kan dutsen bakin ƙofa kowace yamma, tana cin loma guda daga kowane kwano.

"Gishiri ya yi yawa, matarmu," ta ce da Hajaratu, matar ƙanenta Jibrilla. "So kike ya fito da kumburin ƙafa?"

"Ya dai fito, Yaya. Ko da kumburin kai ne."

Jibrilla direban babbar mota ne. Bara, da aka tasar wa Ibo, ya kwashi maƙwabtansa na nan Mubi ya bi da su ta Belel, bakin iyaka, ya tsallakar da su Kamaru. Da yaƙin basasa ya ɓarke sai wani ya tuna. Aka kama shi, wai yana yi wa 'yan tawaye aiki. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma barin kowa ya gan shi. Kwano kaɗai ke shiga ya fito.

Tizhe ya karɓi kwanon yau, ya miƙo na jiya. Hajaratu ta buɗe, ta rufe, ta zauna a ƙasa.

"Yaya, babu lomar Hansai."

A gidansu magidanci ba ya sharce kwano, yakan rage wa ƙaramin gida. Tun da aka yaye 'yarsa Hansai, Jibrilla yake dunƙula mata lomar ƙarshe, ya danna babban yatsansa a tsakiya. Kurkuku bai hana shi ba. Kullum yarinyar na jiran kwanon a bakin zaure a unguwar Nassarawo.

"Wataƙila yunwa ce ta kai shi," in ji Margret.

"Jiya ma babu. Shiru kawai na yi. Na ce mata kare ne ya ɗauke."

Margret ta miƙe ta tsaya gaban gandiroban. Cocinsu ɗaya, ta san uwarsa.

"Tizhe, wa ke cin tuwon ƙanena?"

"Mama, ni ƙofa ne aikina. Ciki akwai masu shi."

"Ranar Lahadi kai ne mai ganga, muryarka ta fi ta kowa. Yau ina ta shiga?"

Ya waiwaya ya dubi ofis, ya dubi matan da ke layi da kwanuka a kai. Ya yi ƙasa da murya.

"Atini ya shiga ɗakin baya. Shi ya ɗauke shi. 'Yan'uwansa fursuna suka yi masa salla, suka binne shi can wajen mayo, bakin kogi. Ba a ba mu umarnin faɗa ba."

Margret ta ji ɗanɗanon miyar yana nan a harshenta.

"Ka zuba ido ina ɗanɗana wa mamaci abinci?"

"Jibrilla ne ya roƙe ni, Mama. Akwai wani tsoho, mutumin tsallaken iyaka, ya zo neman ɗansa aka kama shi ba takarda. Ba shi da kowa a Mubi. Kwano ɗaya suke ci. Jibrilla ya ce idan gida suka ji, kwano zai tsaya, tsoho zai bi shi." Ya dubi Hajaratu. "Tsohon bai san zancen loma ba. Ni ma ban sani ba."

Hajaratu ta ji komai. Ta yi salati a hankali, ba ta yi kuka ba.

"Gobe da safe za mu koma wurin Di'o," in ji Margret. "Sai sun nuna mana kabarin."

Hajaratu ta tashi ta karɓe kwanon yau daga hannun Tizhe. Margret ta ɗauka gida za ta tafi da shi. Amma buɗewa ta yi, ta ɗebi tuwo kaɗan ta dunƙula, ta danna babban yatsanta a tsakiya, ta ƙulle a bakin zani. Sannan ta mayar masa da kwanon.

"Kai wa tsohon, kada ya huce."

Ta kama hanyar Nassarawo ita kaɗai. Margret ta so ta bi ta, amma rana ta yi ƙasa, kuma akwai sauran kwanuka. Ta koma kan dutsen. Yakaka, wata tsohuwa 'yar Barno da ɗanta ke ciki, ta durƙusa ta buɗe mata kwanon burabusko.

Margret ba ta sa hannu ba. Ta ɗaga kai.

"Tizhe, ɗan wannan fa, yana raye?"

Tizhe ya sake waiwayawa ya dubi ofis.