Labulen Gidan Baba

A wajenmu ba a sakin labule. Kana wucewa a keke za ka ga abin da kowa ke ci, har da magen da ke barci a kujera. Wanda ya rufe taga, ko dai an yi mutuwa a gidan, ko yana da abin ɓoyewa.

Ƙanena Tjerk ya san haka sarai, tsoro ne ya ɗauke masa hankali. Shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon birninmu, yara na yawo da sunansa a bayan riga. Duk ranar da saurayinsa Sjoerd ya zo, sai ya ja labule. Da ya bar shi a buɗe, da an ce abokai ne ke shan kofi. Labulen ne ya jawo mai kyamara ya kafa ya tsare a ƙofa.

Ranar Asabar da safe ɗan jarida ya kira, muna tare a kicin. Tjerk ya ƙara murya don in ji.

"Litinin labarin zai fito. Kana da abin cewa?"

"Don Allah, malam, mahaifina bai sani ba."

"Haba, Tjerk! Ni ma irinka ne, ga ni ban mutu ba. Akwai yaro a wani ƙauye da zai ji sunanka ya daina ƙin kansa. Shi ba ka tausayinsa?"

Na fizge wayar. "Kai wa ya tona ka? Ba da bakinka ka faɗa ba, ranar da ka shirya?"

Ɗan jaridar ya ce in bai buga ba wani zai buga, ya kashe. Abin haushin, maganarsa ba duka ce ƙarya ba.

Na dubi Tjerk. Ba ihun 'yan kallo yake tsoro ba, Baba yake tsoro, dattijon coci wanda ko keke ba ya hawa ranar Lahadi.

"Yaya Wietske, gara ya ji daga bakina. Kai ni."

Na ja mota muka nufi ƙauye. Yana ta bitar abin da zai ce, yana kaiwa "Baba, ni..." sai ya tsaya. Muna tsakiyar hanya wayoyinmu suka fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Ashe ɗan jaridar ya ji tsoron a riga shi, ya saki labarin a intanet.

"Baba ba ya duba waya," na ce. Amma na san maƙwabta suna dubawa.

Da tsakar rana muka shiga layinmu. Kowace taga a buɗe, kowace da fuska a ciki. Gidan Baba kaɗai aka saki labule, sama da ƙasa. Rabona da ganinsa haka tun ranar da Mama ta rasu. Muna kallo hannun Baba ya gyara gefen da bai rufu ba.

Tjerk ya kama hannuna.

"Yaya," ya ce, "wa ya mutu?"