Tsinin da Farfesa Ya Kira Man Shafawa

Aikina a ɗakin gwaji shi ne in danne garin sinadarin zinc oksaid ya zama faifai siriri kamar ɓawon albasa, in sa shi a kwalbar da aka zuƙe wa iska, in saki iskar furofilin a kansa, sannan in haska shi da na'urar hasken infrared in ga yadda iskar ta kama jikin garin. Faifan yakan fashe in an buga ƙofa. Dogo kuwa, babban ɗalibin da ke jiran na'urar, bai iya rufe ƙofa a hankali ba.

Ranar da wani sabon tsini ya fito a zanen da na'ura ke fitarwa, alamar iskar ta kama garin ta wata sabuwar hanya, na kai wa Farfesa har ina tuntuɓe. Ya duba takardar, ya dubi hannuna.

"Man shafawarki ne wannan, 'yata. Maiƙo ma nan yake fitowa."

"Ranka ya daɗe, da safar hannu nake aiki."

"Kowa haka yake cewa. In bai sake fitowa ba, Dogo ya karɓi na'urar, ke kuma ki nemi wani aikin."

Dogo ya yi dariya. "Ƙanwata, ki rubuta sunan man, mu ma mu saya."

Na daina shafa mai gaba ɗaya. Kullum ina wanke gilasai da sinadarin asiton mai cire maiƙo, har yatsuna suka tsattsage, biro ma da ƙyar nake riƙewa. Mama ta kama hannuna a kicin ta ce, "Wannan karatu ne ko sassaƙa?" Ta ajiye min kwalbar mai a bakin gado. Na mayar mata.

Da faifai ya yarda ya zauna lafiya, na kira Farfesa da Dogo. Na shimfiɗa hannuwana a kan tebur.

"A duba da kyau. Akwai mai?"

Farfesa ya kau da kai.

Na haska faifan shi kaɗai: zane fayau, babu komai. Na buɗe wa furofilin hanya, na sake haskawa. Tsinin ya miƙe a inda na bar shi.

Farfesa ya daɗe yana shafa gemu. "To. Ki maimaita da wani oksaid ɗin."

Ko sannu babu. Amma na'urar tawa ce.

Na juya wajen Dogo. "Yaya, in za ka fita, ka ja min ƙofar a hankali."