Manaja Ya Kori Sakatariya

Maƙwabta ne suka raɗa masa Manaja, kuma ba don girmamawa ba. Tun ranar da ya ajiye aiki a shagon fenti na kawunsa, ya kwashe tarkacen da ke cikin sito na gidansu, ya sa tebur da kwamfutar gwanjo da wata tsohuwar fanka mai kaɗa kai kamar tana musa duk abin da ake faɗa, sunan ya bi shi. Kawun bai yi faɗa ba. Rigar aikinsa mai ɗigon fenti kawai ya bari rataye a jikin ƙusa, ya ce kada wanda ya taɓa ta, mai ita yana nan dawowa. Wannan riga ita Manaja yake gani duk lokacin da ciniki ya yi sanyi. Ya rantse ko zai ci ƙasa ba zai sake zura hannu cikinta ba.

Sana'ar tasa gyaran tsofaffin hotuna ce ta intanet. Mutum ya ɗauki hoton mahaifinsa da ruwa ya ci ko gara ta taɓa, ya turo ta waya. Manaja ya goge datti, ya ɗinke inda ya yage, ya mayar da ido inda ido yake, ya buga, ya sa a firam, a kai har gida. Babu bashin banki, babu jarin kowa. Abin da ya shigo yau da shi ake sayen takarda da tawadar gobe.

Sai dai ya lura da wuri cewa ba wanda ke son miƙa hoton uwarsa ga saurayi ɗaya tilo a cikin sito. Don haka a shafinsa bai taɓa rubuta "ni" ba, kullum "mu". Ya ɗauki ma'aikata har uku ba tare da ya tashi daga kujera ba: mai gyaran hoto, mai kai kaya, da Sakatariya mai amsa saƙonni. Ma'aikata ne na gari, ba sa cin abinci, ba sa neman hutu. Idan lokacin kai kaya ya yi, sai Manaja ya kifa hular kwano, ya rufe hanci da takunkumi, ya hau babur, ya je ya rusuna wa kwastoma yana cewa oga yana gaisuwa.

Ya kuma gano wani sirri na kasuwanci da ba a koyarwa a ko'ina. Duk lokacin da aka yi kuskure, ko gilashi ya tsage a hanya ko kaya suka makara, sai ya rubuta da murya mai nauyi: "Mun sallami ma'aikacin da ya yi wannan sakaci." Nan take kwastoma zai huce, har ya ji kansa ya yi girma. Mai kai kaya kam an kore shi ya fi a ƙirga, washegari kuma ya dawo bakin aiki da hularsa, ko riƙo babu.

Sakatariya ce kaɗai ba a taɓa kora ba, don ita ce uwar ciniki. In Manaja zai yi rubutu da sunan Manaja, sai ya gyara zama, ya murtuke fuska, ya zubo kalmomi masu sitati. In kuwa Sakatariya ce, sai kafaɗunsa su sauka. Ita ce ke tambaya, "Wane ne wannan a hoton? Allah ya jiƙansa, da gani ya yi son dariya." Mutane kuwa sai su saki baki. Shi ma sai ya samu kansa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa wa kowa da sunansa ba. Gaskiyar magana, a duk aikin wannan ne abin da ya fi so, ya fi son shi a kan gyaran hoton kansa.

A cikin masu hira da Sakatariya babu kamar Malama, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya. Hoton marigayi mijinta ta turo, shi kaɗai ya rage mata, duk ya yi layi-layi kamar kaza ta yi tono a kai. Kullum da safe sai ta gaishe da Sakatariya, ta gyara mata kuskuren rubutu, sannan ta ɗora labari. Ita ma Sakatariya ta ba ta nata: cewa mahaifinta ya rasu tana ƙarama, hotonsa guda ne, ya dusashe har babu abin kamawa, kuma ta sha gwada gyara shi tana kasawa. Wannan ba ƙarya ba ce. Hoton yana cikin aljihun teburin Manaja.

"'Yata," in ji Malama, "ni da ke ciwonmu ɗaya."

Manaja ya daɗe yana kallon saƙon nan, har fanka ta kifar da wata takarda bai lura ba.

Ya yi wa hoton Malama aiki na ƙin ƙarawa. Ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya ya share, har da wani gajere mai kauri da ya ratsa girar hagu. Fuska ta fito fes. Ya kifa hularsa ya kai da kansa, ya dawo yana jiran yabo.

Abin da ya zo shi ne: "Wannan ba mijina ba ne. Ina tabonsa?"

Ya koma baya cikin hirarsu, sai ga shi ɓaro-ɓaro. Malama ta taɓa ba Sakatariya labarin yadda marigayin ya faɗo daga keke ranar da ya fara zuwa wurinta, ya iso da jini a gira yana cewa ba komai, ƙura ce. Manaja ya karanta labarin a lokacin, har ya yi dariya. Amma da ya zauna gaban kwamfuta, ido ya ga layi, hannu ya share.

Da mutum mai hankali ne, da haƙuri zai bayar ya mayar da tabo. Amma hannu ya riga ya saba. Ya gyara zama, ya murtuke fuska, ya rubuta: "Bincikenmu ya nuna Sakatariya ce ba ta isar da bayanin ga sashen gyara ba. Mun sallame ta daga yau." A ransa yana cewa gobe sai ya ɗauki sabuwa.

Kafin la'asar Malama ta hau shafin kamfanin, inda kowa ke gani, ta yi rubutu irin na wadda ta shekara da shekaru tana tsayar da ɗalibai a rana. Ta ce ita tabo ta nema, ba ta nemi a raba marainiya da abincinta ba. Ta ce a duk kamfanin yarinyar nan ce kaɗai mai zuciya, shi kuwa Manajan da ganin rubutunsa ka ga mutumin da bai san zafin rashi ba. Sai ga tsofaffin kwastomomi sun fito kamar an tono shuri. Wannan ya ce Sakatariya ce ta lallashe shi ranar da ya ga fuskar mahaifiyarsa ya fashe da kuka. Waccan ta ce ita ma an taɓa korar wani bawan Allah mai babur saboda ita, har yau abin yana damunta. Masu sabon aiki suka janye. Waya ta yi tsit, rigar nan ta jikin ƙusa ta fara yi masa murmushi daga nesa.

Ya yi maza ya sanar cewa an mayar da Sakatariya. Malama ta ce ita ba yarinya ba ce, ba za ta goge rubutunta ba sai ta zo da ƙafarta ta ga yarinyar zaune a kujerarta.

Bai gama jin wannan ba Umma ta ɗaga labulen sito, ƙanwarsa Auta na bayanta riƙe da waya. Auta ta gama karatu tun bara, tana zaune a gida tana aika takardun neman aiki.

"Ashe ma'aikata gare ka?" in ji Umma. "Har da na kora? Ƙanwarka na nan tana ƙirga azara, kai kana ɗaukar 'ya'yan wasu kana wulaƙanta su. A ina ma suke zama, a ƙarƙashin tebur?"

"Umma, daga gida suke aiki."

"To ka nemo 'yar mutane ka ba ta haƙuri. Ban haifi azzalumi ba."

Da Umma ta fita, sai ya jawo Auta ya rufe ƙofa, ya faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta zauna a kan kwalin firam.

"Yaya, wato kai ne ka kori kanka, kuma gari ya tashi yana neman a dawo da kai?"

"Ki rufa mini asiri. Yini ɗaya kawai, ki zauna a matsayinta."

"Yini ɗaya? Ai in Malama ta ga fuskata, na zama ita ke nan har abada. Aiki nake so na gaske, da tebur nawa, da wayar saƙonni a hannuna. Ni ba a ɗaukata da baki, a kore ni da yatsa."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya miƙa mata wayar. Ta zauna tana karanta tsofaffin hirarraki don ta san abin da ta taɓa faɗa. Tun tana ƙyalƙyala dariya har ta iso kan labarin hoton mahaifinsu. Can ta ɗago.

"Ba ka taɓa gaya mini kana gwada gyara hoton Baba ba."

Ya juya mata baya, ya ce yana da tabon da zai mayar.

Ranar da Malama za ta zo, an share sito, an aro ƙaramin tebur daga ɗakin Umma, an ɓoye hular kwano a bayan ƙofa. Ta shigo da sandarta, 'yar gajeruwa, ta dubi ɗakin ta saman tabarau. Ta wuce Manaja kamar ginshiƙi, ta kama hannun Auta da hannu biyu.

"'Yata. Haka na zana ki a raina."

Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Manaja ya miƙo firam. Tabon yana nan a girar hagu, gajere mai kauri, ya ɓata yini guda yana mayar da shi daidai yadda yake. Malama ta shafa gilashin da ɗan yatsa, idonta ya ciko.

"Ga shi nan, maƙaryacin banza, wai ƙura ce." Ta share ido, ta dubi Auta. "Na san ke kika tsaya a kansu har aka yi daidai."

Sannan ta juyo ga Manaja, ta nuna ƙasa da sanda, inda take so ya tsaya.

"Kai kuma, ba ta haƙuri a gabana."

Manaja ya dubi ƙanwarsa, wadda ya goya, ya wanke wa hanci. Ta sunkuyar da kai irin na wadda aka zalunta, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Ya ce ta yi haƙuri, ba zai sake ba.

"Na yafe, ranka ya daɗe," in ji Auta.

Malama ta buɗe jaka ta fito da wani madubin ƙara girman rubutu mai mariƙin katako, wanda marigayin yake karatu da shi. Ta danƙa wa Auta, ta ce ta riƙa duba hoton mahaifinta da shi, wataƙila wata rana ta ga abin kamawa. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Manaja, ba da faɗa ba, da tausayi ma, "Yaro, da za ka samu ko kwatan zuciyar yarinyar nan, da ka zama mutum."

Ta goge rubutunta, ta yi sabo. Labarin kamfanin da ya ji kukan jama'a ya mayar da marainiya ya zaga ko'ina. Aiki ya yi ta shigowa har sito ya yi kaɗan, suka kama shago mai ɗaki biyu, suka ɗauki mai babur na gaske wanda ke cin abinci yana kuma neman hutu. Kawu ya sauke rigar nan daga ƙusa ya mayar da ita tsumman goge kantar shago. Yanzu in maƙwabta sun ce Manaja, har hula suke taɓawa.

Shi kuwa yana ɗakin ciki, shi da kwamfuta da fuskokin mutanen da ba ya ƙara jin labarinsu. Auta takan kawo masa aiki da gajeren bayani: a bar tabo, a cire datti. Ta bangon yakan ji wayar saƙonni tana ƙara, ya ji ta tana dariya ko tana cewa Allah ya jiƙansa. Ta iya aikin, ba laifi. Madubin ma ta ajiye masa a aljihun tebur kusa da hoton Baba. Amma gaisuwar safe ta Malama ba ta zuwa ɗakinsa, kuma kewarta yake ji sosai.

Wata safiya ya kasa daurewa. Ya ɗauki wayarsa ta kansa, ya saki kafaɗu, ya rubuta mata: "Ina kwana, Malama. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Yau na tuna da labarin keken nan."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Lafiya lau, Manaja. Amma labarin keke ba da kai na yi ba. In da magana, ka bi ta hannun Sakatariya."