Warin Takalmi

Tun da ɗanta ya kama mata ɗaki a saman bene ya koma bakin aikinsa, Goggo ba ta da abokin hira sai ɓarawo. Ba na gaske ba, na littafi. Ɗan Sanɗa sunansa, ku gyara harshe, ba ɗan sanda ba. Littattafansa jere suke a kan firji, duk sun sha maiƙo. Da yatsa take bin layi, tabarau a ƙarshen hanci, tana yi masa faɗa kamar jikanta.

"Kai ja'iri, taga a buɗe, me ya kai ka ƙofa?"

Abin da ya fi burge ta shi ne dabararsa. In ya shiga gida, kafin ya taɓa komai sai ya ɗauke warin takalmin maigidan. Mutum na laluben takalmi, shi ya yi nisa.

Maƙwabtanta kuwa gaisuwarsu daga bakin matakala take ƙarewa. Sannu Goggo, sai ƙarar makulli. Gulma ta taru mata a ciki har tana hana ta cin abinci, ba kunnen da za ta juye wa.

Ran nan ta leƙo, ga silifas ɗin Nas, matar ɗakin da ke kallon nata. Goggo ta duba hagu ta duba dama, ta sunkuce na hagun. Ai mai neman takalmi dole ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya zauna a tambayi juna. Ta dafa shayi, ta goge kofi biyu, ta zauna jira.

Shayi ya huce. Washegari ma ya huce.

Sai da aka kwana biyu aka buga ƙofa. Nas ce, cikin fararen kaya, ɗaya warin a hannunta.

"Goggo, na hango ɗan'uwansa a ƙarƙashin kujerarki. Ga shi ki haɗa, na sayi wani. Da kin faɗa min ba ki da na shiga wanka, haba."

"Shigo mana 'yar nan, ki ji yadda aka yi. Akwai shayi."

"Wallahi na makara. Wani lokacin."

Ƙarar takunta ta gangara ƙasa.

Goggo ta juya ta harari littattafan.

"To, malamin ɓarayi, ka ga aikinka. Ni sadaka aka ba ni."

Ta jera silifas ɗin a bakin ƙofarta daga waje, kansu na kallon ciki, yadda duk mai wucewa zai ce Goggo ta yi baƙuwa. Ta rufe ƙofa, ta cika kofi biyun, ta buɗe shafin da ta tsaya.