Zare da Maɓallai

Da suka fito daga gidan gwaggon Auta, mahaifinta Dakta ya karya kan motar hagu, alhali gidan kawunta yana dama.

Auta ta kalle shi ta wutsiyar ido. Da yamma za ta hau jirgi zuwa karatu, ba ranar dawowa kusa, kuma dole ta yi sallama da dangi, waɗanda suka warwatsu a garin kamar an zazzage su daga buhu.

Wannan kuwa fagensa ne. Rabin rayuwarsa ya tafi a kan tambaya guda: in an watsa ɗigo barkatai a fili, wace hanya ce mafi gajarta da za ta bi ta kan kowanne? Tambayar ta ba shi furfura da tabarau, da rubuce-rubucen da shi da wani bawan Allah a wata ƙasa kaɗai suka karanta.

A da, kafin sashensu na jami'a ya samu kwamfuta, da maɓallan ɗinkin matarsa yake gwaji. Matsalar hannunsa ce: in ya watsa, sai su zauna a jere kamar ɗalibai a ɗakin jarrabawa. Hannun babba bai iya barkatai ba. Sai ya ɗauki Auta aiki, lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Ita ta watsa, shi ya bi da zare yana rarrafe a falo, uwar na bakin ƙofa tana cewa, "Wai a kan wannan ake kiran ka Dakta?"

"Baba," in ji Auta, "gidan Kawu fa yana bayanmu."

"Akwai ramuka ta can."

"An gyara titin tun bara."

"To, cunkoso."

"Zarenka ya harɗe, Baba. Kai ka koya mini: in hanya ta gitta kanta, ba ita ce mafi gajarta ba. Wannan gidan man ɗazu muka wuce shi."

Ya shiga gyara madubin da ba abin da ya same shi. Ta duba agogon wayarta. Lokaci ya ja, jirgi kuma ba ya jiran 'yar kowa.

A mararraba ya kunna siginar dama, hanyar gidan Kawu, kamar ɓarawon da aka ritsa.

Ta kife wayar a cinyarta.

"Bi hagu," ta ce, "ta tsohon gidanmu. Ta nan ya fi nisa."

Na baya ya danna musu oda. Dakta ya ɗaga masa hannu, ya karya hagu a hankali.