Ranar da Sista Ta Auna Motarta

Tun da Sista ta sayi motar nan ƙafarta ta daina sanin ƙasa. 'Yar ƙaramar mota ce ja, ta hannu, ta sha duniya kafin ta iso gare ta, amma a wurin Sista babu irinta. Duk shekarun da ta yi tana aikin jinya a asibiti a motar haya ta yi su, ana matse ta ana taka mata farin takalmi. Yanzu kuwa ko ashana ta ƙare a gida sai ta ɗauki makulli.

Kwatsam sai ga wata ƙara ta ɓullo. Daga gaba take fitowa, kuma ba ta tashi sai motar ta faɗa rami. Ranar da Sista take hutu ta kira bakanikenta da safe, ya ce ya yi tafiya, sai jibi. Ya tambaye ta yaya ƙarar take.

"Ƙwas-ƙwas take yi," in ji ta.

Mijinta tela ne, shagonsa a ɗakin ƙofar gida yake. Yana jin haka ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya leƙo. "Wane irin ƙwas? Gurum-gurum dai. Ba ni wayar in yi masa."

Ya karɓa ya kumbura kumatu ya yi ta gurum-gurum a kunnen bawan Allah. Bakanike ya yi dariya har da tari, ya ce su dai gano masa daga ina take fitowa, sauran aikin nasa ne.

Suna cikin haka Kawu ya yi sallama. Ƙanin mahaifiyar Sista ne, mutum mai jiki, bai taɓa riƙe sitiyari ba amma babu motar da bai san ciwonta ba. Da aka ba shi labarin ƙarar, ya ce sai ya ji da kunnensa. Suka ɗunguma su uku, Sista na tuƙi, Kawu a gaba, tela a baya ya zuro kai tsakaninsu.

Wannan rana 'yan layin sun ga abin mamaki. Kowa kauce wa rami yake yi, ita kuwa jar motar nemansa take. "Ga wani can!" in ji tela. Sista ta karya kan mota ta nufe shi, taya ta faɗa, ƙara ta tashi, su uku suka yi ihu tare.

"Kun ji? Ƙwas!"

"Gurum!"

"Ku duka kunnenku da sauransa," in ji Kawu. "Taƙ ta ce, ƙarara. Injin ne, 'yata. Ya gaji."

Kafin Sista ta tsaya jin tsoro wani ramin ya zo, dariya ta ƙwace mata. Mai shagon kan kwana ya fito ya riƙe ƙugu yana kallonsu, don sun wuce shi sun dawo sun sake wucewa ta cikin rami guda.

Da suka koma gida suka kwashe duk abin da ke aljihun motar, ko wani tarkace ne ke karo da juna. Ba shi ba ne. Tela ya doki taya da ƙafa kamar yadda ya ga ana yi, ya koma yana ɗingishi. Sista ta tsaya ta ƙura wa motar ido, can ta shige ɗaki da gudu. Ta fito rataye da abin da take sauraren ƙirjin marasa lafiya da shi, tabarma a hammata, tocila a hannu.

"Yau motar nan za ta ga likita," ta ce. "Maigida, shiga ka ja birkin hannu, ka murɗa sitiyari har ƙarshe. Kawu, don Allah ka hau bonet."

"Ni? Da girmana?"

"Girman muke so, Kawu."

Aka sa dutse a bayan taya. Kawu ya tattare riga ya hau ya zauna, motar ta yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa. Sista ta kwanta a tabarma gefen tayar hagu, ta zura hannu ta ɗora bakin abin sauraren a kan wani ƙarfe.

"Yi tsalle, Kawu!"

Kawu ya fara sukuwa a zaune, hularsa na rawa, yana cewa in wani ya shigo ya gan shi a haka ba zai yafe ba. Sista na bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Nan shiru. Can ma shiru, sai kukan roba. Ta ce wa motar, "Ja numfashi," ta tuntsire da dariya ita kaɗai, ƙura na zuba mata a fuska.

Tela ya leƙo ta taga don ya ga abin da ake wa dariya, gwiwar hannunsa ta danne hon. Sista ta zabura ta fizge abin daga kunnenta, Kawu ya zame daga bonet ya dire a tsaye yana salati.

"Maigida, kashe ni za ka yi?"

"Wallahi hannu ne, Sista!"

Sai da suka share hawayen dariya kafin aka koma aiki. Kawu ya sake hawa, wannan karon ba a roƙe shi ba. Bayan taya akwai wani siririn ƙarfe a tsaye, tsawonsa bai fi taƙi ba. Sista na ɗora abin a kansa ƙarar ta doki kunnenta tar. Ta haska tocila. Notin da ya riƙe shi ya kwance, robar wurin kuma ta tsage. Ta kama shi da yatsu, ya yi ta kaɗawa kamar haƙorin da zai fita.

"Na kama shi!" ta yi ihu, tana buga ƙafa a tabarma. "Ba inji ba ne! Ku zo ku gani!"

"Ai dama na ce ƙarfe ne," in ji Kawu daga sama.

Tela ya kwaso sifanun gyaran kekensa, duk suka yi ƙanana, sai da ya aro babba a maƙwabta. Sista ta ce babu mai taɓa mata mara lafiya, ita ta ɗaure notin da kanta tana cije leɓe. Robar kuwa ta san ta fi ƙarfinta, sai bakanike ya dawo ya sa sabuwa.

Suka sake fita gwaji, a hankali wannan karon. Da rami ya matso kowa ya kasa kunne. Taya ta faɗa, ta fito, babu ko ƙis. Tela ya dinga dukan bayan kujera, Kawu ya ɗaga hannu sama kamar shi ya ci gasa, Sista na ta danna hon ba gaira ba dalili.

Da suka dawo suka tarar da wata mata a ƙofar shago, rungume da yadi, ta gaji da jiran tela. Ta dubi Sista ta ga baƙin mai har goshi, ga abin asibiti a wuya.

"Subhanallahi, lafiya? Waye ba lafiya?"

"Ta samu sauƙi," in ji Sista, tana shafa jikin motar. "Jibi za mu kai ta wurin babban likita."

Matar ta yi wa mai jikin addu'ar samun lafiya tsakani da Allah. Tela ya ja matar zuwa shago da sauri yana toshe baki, Sista kuwa ta ɗebo ruwa a bokiti ta fara wanke motar kafin ta tuna da fuskarta.